Barin aiki kafin shekara 50: nawa ake iya cira daga asusun fansho?

Abu Safiyya, Kakuri:
Assalamu alaikum. Ina tambaya ne a kan wani ma'aikacin kamfani a nan Kaduna, shekararsa 46, ya yi shekara 15 ana cire masa kuɗin fansho. Yana so ya ajiye aiki ya kama sayar da hatsi. Tambayata: za a ba shi kuɗinsa duka, ko sai ya jira? Kuma me ya kamata ya shirya kafin ya rubuta takarda?

Malam Ɗanjuma, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ba za a ba shi duka ba, kuma gara ya ji wannan tun yanzu. Dokar fansho ta 2014 ta ce mutum ba ya fara cin asusunsa sai ya yi ritaya kuma ya cika shekara 50. Wanda ya bar aiki kafin nan, ƙofa ɗaya ke gare shi: in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, zai iya neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki. Sau ɗaya tak. Sauran yana nan yana juyawa har ya kai 50.

A yi lissafi. In akwai naira miliyan 6 a asusun, miliyan ɗaya da rabi zai karɓa. To wannan ne jarin hatsin, shi ne cefanen gida, shi ne kuɗin makarantar yara na shekara huɗu? Ga kuma abin da ya yanke wa kansa: kamfani na zuba kashi 10, shi yana zuba kashi 8, ana lissafawa a kan gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri. In waɗannan ukun sun kai naira 200,000 a wata, naira 36,000 ke shiga duk wata. Shekara huɗu, naira 1,728,000 ke nan, ba a ma sa ribar juyawa ba. Ya fi abin da zai cira.

Ko ya kai 50 ɗin ma yawanci ba a juye wa mutum kuɗin duka a hannu. Za a ba shi wani dunƙule, sauran kuma ya zaɓa: ko kamfanin fanshonsa ya riƙa biyansa wata-wata, ko ya miƙa wa kamfanin inshora ya biya shi har ƙarshen rayuwa. Wanda ya riga ya ci kashi 25, dunƙulensa ƙarami zai zo, wani ma da ƙyar.

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Malam ya gama magana a kan kuɗi. Ni takardu zan ja kunne a kai, don nan ne mutane ke shan wahala. Kafin ya sanar da kowa, ya je ofishin kamfanin fanshonsa ya karɓi cikakken bayanin asusu, ya bi shi wata bayan wata. Doka ta ba mai kamfani kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, amma akwai masu cirewa su riƙe. Yana cikin aiki yana da bakin magana. Ya fita, sai dai sintiri da roƙo. In sun ƙi, PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, ake kai ƙara, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba duk wata.

Sai ranar haihuwa da jerin suna. Abin da ke kan NIN, da na banki, da na fansho, da na takardar ɗaukar aiki su zama ɗaya. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da fayil watanni. Ya kuma tabbata ya karɓi takardar amincewa da barin aikinsa mai sa hannu da hatimi, domin da ita ake ƙirga wata huɗun nan. Inshorar rai da kamfani ke yi masa, wadda ta kai ninki uku na albashin shekara, ranar da ya fita ta ƙare.

Baban Khalifa, Zariya:
Ƙarin bayani ga masu karatu da ke aikin gwamnatin jiha, don kada a haɗa su. Jihar Kaduna ta shiga tsarin karo-karo, inda ma'aikaci da gwamnati kowa ke zuba nasa kason a asusun fansho, a Janairun 2017. Shekarun da mutum ya yi kafin nan haƙƙi ne daban da gwamnati ke lissafawa ta biya ta Hukumar Fansho ta jiha, ba su cikin abin da yake gani a waya. Kuma a aikin gwamnati ajiye aiki daban, ritayar son rai daban. Kalmar da ka rubuta a takarda ita za a bi.

Ga mai tambaya kuwa, Yaya, ku ba shi shawara ya fara gwada hatsin yana kan albashi. Ya sayi buhu goma na masara da kaka a Saminaka ko Giwa, ya ajiye, ya ga abin da ƙwari da kuɗin mota da faɗuwar farashi za su bar masa zuwa bazara.