Abokiyar aikina tana yi wa 'ya'yan mutane rigakafi, amma ta hana tata 'yar

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan lafiya, ina neman shawararku.

Ni ce mai kula da sashen rigakafi a wani ƙaramin asibiti a Kano. Akwai wata nas da ta girme ni, kullum ita ke yi wa jarirai allurar penta, mai kare su daga cututtuka biyar, a sati 6, 10 da 14, har faɗa take yi wa iyaye in suka tsallake ta ƙyanda. Amma allurar sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023, ta ce 'yarta ba za ta karɓa ba. Wai tana tsoron ta hana haihuwa, kuma sai ta kawo maganar gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, alhali Trovan magani ne, ba rigakafi ba.

Na nuna mata bayanan ingancin allurar, ta ce, "Ƙanwata, ki bar ni da 'yata." Matsalar ita ce matan unguwa sun ji labari, sun fara janye nasu 'ya'yan.

In kai maganar wurin shugabanmu, ko in sami maigidanta? Ba na son ɓata zumunci.