Point guard da Hausa: mai raba ƙwallo ko madugu?

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum. Malamai, muna neman sunan Hausa na ɗan wasan ƙwallon kwando da Bature ke kira point guard, wato lamba ɗaya, wanda ke ɗauko ƙwallo daga gida ya tsallake rabin fili kafin daƙiƙa 8 su cika, sannan ya tsara hari. Wasu na rubuta "mai tsaron maki", alhali ba maki yake tsarewa ba. Ni dai na ce mai raba ƙwallo.

Koci, Rafindadi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan suna zai ɗaure aikin duka a kan adadi guda, yawan fasin da aka ci da su, kuma adadin nan yana yoyo. A NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, mai rubutu a tebur ne ke yanke ko fasin ya cancanci ƙirgawa, idonsa ne ma'auni. Ka miƙa wa abokinka ƙwallo a gindin kwando, a yi masa keta ƙwallon bai shiga ba, ya je layi ya jefa biyu su shiga: ba a rubuta maka komai. In ya ɓarar ma haka. Fasin da ya gabaci na ƙarshe kuwa, wanda sau da yawa shi ke wargaza masu tsaro, takardar sakamako ba ta san da shi ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: Amma Koci, John Stockton ya ba da irin wannan fasi 15,806 a ƙungiyar Utah Jazz. Wannan ai ba kyautar tebur ba ce.

Koci, Rafindadi: Ko kusa, gwani ne. Sai dai ka auna Stephen Curry da wannan mudun, shi da matsakaicinsa bai kai bakwai a wasa ba, yayin da na Magic Johnson ke 11.2. Za ka ce Curry bai iya ba, ga shi da kofin NBA huɗu. A kakar 2015-16 ya jefa na maki uku har 402 suka shiga, shi ya sa mutum biyu ke bin sa tun daga nesa, sauran abokansa huɗu su fuskanci uku. Wannan sarari shi ya buɗe, amma sunan wani ake rubutawa.

Malamin Hausa, Daura: To ku duba madugu. Shi ne uban tafiyar fatake: shi ke zaɓen hanya, ya san lokacin sauri da na yada zango, kuma ba a auna shi da kayan da ke kansa. Jam'insa ma a shirye yake, madugai.

Hajiya Mai Lissafi: Malam, na goyi baya. Kuma zamani ma na ɓata kwatance. Sai 1973 NBA ta fara ƙirga ƙwacen ƙwallo, layin maki uku kuma 1979 ya zo, saboda haka yawancin shekarun Oscar Robertson, wani tsohon gwanin lamba ɗaya, babu ƙwacensa a rubuce, layin kuwa bai taɓa wasa da shi a NBA ba. Mai son gwada madugai biyu ya raba alƙaluman da yawan harin da ƙungiya ta kai, misali kowane 100, ya haɗa da sau nawa ƙwallo ya kuɓuce masa, sannan ya zauna ya kalli wasan.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na karɓa, Hajiya. Madugu ga mai riƙe da gurbin, fasin da ya haifar da maki kuma mu ce fasin ci. Malam, lamba biyu fa?

Malamin Hausa, Daura: Maharbi. Amma a buɗe masa nasa zaren.