Sanƙarau: waɗanda suka ga shekararsa da ido, ku ba mu labari

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Zafi ya fara kankama, gidajen rediyo sun soma sanarwar a rage cunkoso a ɗakin kwana, amma matasan yanzu sun ɗauki sanƙarau cutar zamanin da ce. Ina roƙon duk wanda ya gani a gidansu ko a wurin aikinsa ya faɗi yadda abin ya kasance. Ni dai 1996 na gani a Kano. Shekarar nan mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, ga ƙyanda da amai da gudawa duk a lokaci ɗaya. Har Saudiyya ta hana alhazan Najeriya zuwa aikin Hajji, mahaifinmu ya riga ya biya kujera ya haƙura. A layinmu ana idar da jana'iza ake cewa kada a watse, akwai wata.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ne ya kamu a wannan shekarar, yana aji uku na firamare. Ya dawo daga makaranta yana cewa kansa zai tsage, aka jiƙa masa magani aka ce rana ce ta buge shi. Da magariba ya fara amai, ba ya son ko hasken fitilar ƙwai, sai ya juya fuska bango. Cikin dare kakarmu ta sa hannu a ƙeyarsa za ta ɗago kansa ya sha ruwa, sai gangar jikin gaba ɗaya ta taso tare da kan, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa kamar taɓarya. Nan ta saki salati ta ce a nemo mota.

A Asibitin Zana gado ya ƙare, mutane kwance a baranda da gindin bishiya, ana rataye ledar ƙarin ruwa a reshe. Allah ya yi da sauran kwanansa ya tashi, amma kunnuwan sun tafi. Mun daɗe muna zaton taurin kai ne yake yi idan an kira shi ya ƙi waiwayowa, har duka ya sha a kan haka, kafin a gane. A makarantar kurame ta Tudun Maliki ya ƙarasa karatu. Yanzu tela ne, da 'ya'yansa, kuma maganar da ya iya kafin ciwon tana nan a bakinsa, sai dai muryar ta sauya.

Baban Khalifa:
Allahu akbar. Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Wannan ɓangaren na kurumta ba a cika maganarsa ba, lissafin gawa kawai ake yi.

Nas Mai Ritaya:
Ina cikin waɗanda suka yi aikin 1996, a wani babban asibiti na ƙaramar hukuma. Abin da Maman Ilham ta faɗa na ɗago kai, shi ne gwajin da muke fara yi: a kwantar da mutum rigingine a gwada kai haɓarsa ƙirji. Amma ku lura, jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba. Shi maɗigarsa ce take kumbura, ya ƙi kama nono, ya yi ta wani kuka mai tsini ko kuma ya yi laƙwas. Iyaye da yawa sun zauna jiran wuya ya ƙage har lokaci ya ƙure.

A wancan lokacin chloramphenicol mai mai muke yi, allura ce mai kauri, da ƙyar take shiga sirinji, a raba ta ɗuwawu biyu. Amfaninta sau ɗaya ake yi ta daɗe tana aiki a jiki, don ba mu da hannun da za mu riƙa bin kowa da allura kowane awa shida. Yanzu ceftriaxone ake amfani da shi. Rigimarmu da 'yan uwan majinyaci kullum a kan ɗibar ruwan ƙashin baya ce, suna cewa ita ke kashe mutum ko ta gurgunta shi. Gaskiyar magana, wanda aka kawo a makare shi ne yake cikawa bayan an ɗiba, sai laifin ya hau kan allurar. Da ruwan nan ake gane ko sanƙarau ne: na mai lafiya garai yake, na mai ciwon a gurɓace yake fitowa.

Kuma ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya ƙalau. Ƙurar hunturu da busasshiyar iska su ke raunana cikin hanci da maƙogwaro, sai ta samu hanyar shiga jini ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa daga saukar ruwan farko za ka ga ɗakin jinya ya fara yin fili.

Ɗan Fagge:
Sista, a faɗi ɗaya gefen ma. A wannan annobar ce kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, kusan rabinsu ne aka bai wa Trovan ɗin, 11 daga cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ba gidanmu abin ya shafa ba, amma na san da aka zo rigimar allurar shan inna a 2003 wannan labarin mutane suke kafa hujja da shi.

Nas Mai Ritaya:
Ban musa ba, ɗana. Mu da muke bi gida gida da akwatin ƙanƙara mu muka sha zagin.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu a Nijar 2015 ce ta girgiza mu. Ina Yamai lokacin, wajen wana. An yi mana allurar rigakahin MenAfriVac tun wajen 2010, kowa ya saki jiki an ce an gama da cutar, sai ga ta ta dawo. Ashe waccan allurar nau'in A na ƙwayar cutar kaɗai take karewa, wannan kuma nau'in C ne. Gwamnati ta ruhe lakwal na 'yan kwanaki a watan Afrilu, ana ta kai marasa lahiya cibiyar jinya ta Lazaret. Allurar rigakahi ta yi wuya, mutane na kwana layi bakin farmasi, kowa da kulansa na ƙanƙara, in ka samu ka ruga wajen lokotoro ya yi wa yaro. Wana mai ɗiya da yawa ne, kuɗinsa ba su kai na kowa ba, ya zauna yana zaɓen wanda za a fara yi wa. Mutum sama da 500 suka rasu a ƙasar wannan shekara.

Malam Na Gusau:
Irin wannan C ɗin ne ya same mu a Zamfara da Sakkwato a 2017, sama da mutum 1,000 suka tafi a Najeriya. Ina da makarantar allo. Almajirina ɗaya ya kwanta da zazzaɓi bayan la'asar, muka yi masa tofi da rubutu, da niyyar in gari ya waye a kai shi asibiti. Bai kai hantsi ba. Ni na kai wa mahaifinsa labari ƙauyensu. Daga ranar na fitar da yara duka daga zaure suka koma kwana a fili, da ma'aikatan lafiya suka zo kuma na tsaya a kansu har aka yi wa kowa allura. A shekarar ne gwamnanmu na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ce zinace-zinace ne suka jawo annobar, Sarkin Kano Sanusi ya fito ya ce maganar ba daidai ba ce, a nemo rigakafi. Yaron da na binne ko balaga bai yi ba.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Malam, ya sa mai ceto ne.

Ummu Sadiq:
Tambaya gare ni, Sista. An yi mini allurar rigakafi ta bindiga a kafaɗa ina yarinya a 1996, an sake yi mini a 2011. Har yanzu ina buƙatar wata? Yarana fa?

Nas Mai Ritaya:
Ta 1996 tsohon samfuri ce, ƙarfinta bai wuce shekara uku ba, ki manta da ita. Ta 2011 tana daɗewa amma A kaɗai ta sani, kamar yadda ɗan uwanmu na Damagaram ya faɗa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwa, Men5CV, mai kare nau'i biyar: A, C, W, Y da X. Ki ɗauki katin rigakafin yaran ki je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ranar da suke allura, su duba abin da aka yi musu da abin da ya rage, ki kuma tambaye su ko sabuwar ta iso wajenku.