Shawarwari ga masu sha'awar siyasa daga rayuwar Antonio Costa

A wata tattaunawa da aka yi kan tsohon firaministan Fotugal, Antonio Costa, mafi yawan mahalarta sun ce ya kamata matashi ya fara daga ƙasa. Costa ya yi magajin garin Lisbon daga 2007 zuwa 2015 kafin ya nemi babbar kujera.

An fi daɗewa kan zaɓen 2015. Jam'iyyarsa ta 'yan gurguzu ta zo ta biyu, amma ya lallaɓa 'yan kwaminis da sauran jam'iyyun hagu har ya kafa gwamnati. Shawarar ita ce kada a toshe ƙofar sulhu da abokan hamayya.

Murabus ɗinsa a Nuwamban 2023, kan binciken cin hanci da ya shafi na kusa da shi, ya raba kan jama'a. Wasu sun ce dattaku ne, wasu gaggawa. A ganina dattaku ne.