Marubuci ya bar aiki: yaya kuka yi da asusunsa a WordPress?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa masu riƙe da shafukan labarai. Abin da ya same ni makon jiya ne ya sa na kawo maganar nan, don har yanzu raina bai kwanta ba. Wani yaro da ya yi shekara biyu yana rubuta mana labaran wasanni ya samu aiki a wani wuri, muka rabu lafiya lau. Da daddare na ce bari in share asusunsa. WordPress, manhajar da muke gudanar da shafin da ita, ya tambaye ni: a goge duk abin da ya rubuta, ko a mayar da shi ƙarƙashin sunan wani? Barci cike da idona, na danna na farko. Da asuba sai ga saƙo daga wani mai karatu, wai labarin da ya tura wa abokansa ba ya buɗuwa.

Allah ya taimake ni, rubuce-rubucen suna cikin kwandon shara, wanda yake riƙe abu kwana 30 kafin ya zubar da kansa. Na dawo da su, amma duk suka dawo a matsayin daftari, sai da na sake wallafa su. Hotunan kuwa ba su bi ta kwandon ba, sun tafi kenan. Har da waɗanda yaron ya ɗauka da hannunsa a filin wasa na Sani Abacha, cikin rana, da kuɗin motarsa. Wannan shi ya fi ƙona min rai. Ku kuma yaya kuka yi?

Maman Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Baban Hanifa. Ni na daina goge asusun kowa. Idan mutum ya tafi, sai in sauke shi zuwa mataki na ƙasa, na mai bin shafi kawai, wanda ba ya iya taɓa komai sai bayanan kansa. Sunansa yana nan a kan rubutunsa, ai haƙƙinsa ne, gobe yana iya nuna shi wajen neman aiki. Ka tambayi masu ba ka masaukin shafi ko suna da kwafin ajiya na makon da ya wuce. Kada ka jinkirta, wasu ba sa ajiyewa da daɗewa.

Baban Hanifa: Na gode Hajiya, yanzun nan zan rubuta musu.

Malam na Zariya: Tawa matsalar tun daga ranar ɗauka ta fara. Kunya ce ta cuce ni. Mu huɗu ne, duk abokai, na ji nauyin in ba wani ƙaramin matsayi, sai na mayar da kowa admin. Da saɓani ya shiga tsakaninmu, ɗaya ya shiga da dare ya canza imel ɗin asusuna da kalmar sirri. Na wayi gari baƙo a gidana. Abin da ya cece ni, masaukin shafin da sunana aka biya, ta can wani ƙanena mai ilimin kwamfuta ya shiga rumbun bayanai ya dawo min da asusun. Matakan iko biyar ne a WordPress, kuma ba don ado aka jera su ba. Admin yana iya cire kowa, har wanda ya kafa shafin. Edita yana da iko a kan rubutun kowa, amma ba ya taɓa fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi) ko asusun mutane. Yanzu admin ni kaɗai ne, ni ɗin ma da asusun edita nake aikin yau da kullum.

Ɗan Maraɗi: Malam, na yarda da kai a kan admin, amma matsewa da yawa ma tana da nata ciwon. Na sa wakilanmu duka a matakin mai ba da gudummawa, wanda yake rubutu ya tura layin jira sai edita ya duba. Ashe wannan matakin ba ya iya ɗora hoto. Sai ya zama rubutu yana shafi, hoto yana WhatsApp ɗina, ni ne mai haɗawa. Ranar wata gobara a kasuwa, wakilinmu yana tsaye a wurin ya tura labari, ni kuma wayata ba caji, wuta ta ɗauke. Labarin ya kwana a layi.

Maman Sadiƙ: Haka ne ƙanena. Shi ya sa nake ba sabo wata uku a wannan matakin, in na ga hannunsa sai in ɗaga shi zuwa marubuci, ya riƙa ɗora hoto yana wallafawa da kansa. Sai dai ku sani, marubuci yana iya goge labaransa ko da an riga an wallafa su. Wata da ta yi fushi ta taɓa kwashe nata duka kafin ta tafi, a kwandon shara na tsinto su. Don haka ranar da mutum ya ce zai tafi, ranar nake sauke matakinsa, kuma nakan faɗa masa da bakina don kada ya ga kamar zargi ne.

Baban Hanifa: Masu masaukin shafin sun amsa min. Suna da kwafin kwana 10 da suka wuce, sun ce za su ciro min jakar hotunan kaɗai ba tare da sun taɓa sababbin labarai ba. Na kuma kira yaron, ya ce wasu hotunan suna nan a tsohuwar wayarsa, zai kawo min ranar Asabar.