An ci ni tara don na sauka daga hanya da babur mai ƙafa huɗu, wai me na ɓata?

Sarkin_Giya:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun makon jiya. Mun fita shan iska ni da abokaina da babura masu ƙafa huɗu a wani daji da aka keɓe, akwai hanya da aka kakkafa wa turaku masu fenti, sai na hango wani ɗan tudu a gefe bai fi taku hamsin ba na ce bari in hau in ɗau hoto, wallahi ko minti biyar ban yi ba na dawo, ashe ma'aikacin gandun daji na hange na, ya rubuta min tara ya ce in na kuma za a ƙwace takardar izinina. Abin haushin wurin nan fa fili ne fetal, ba bishiya ba ciyawa, ko ƙadangare ban gani ba. To me na kashe? Ko dai neman kuɗi ne kawai?

Malama_Tsirrai:
Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da asara, amma gaskiya ma'aikacin nan bai zalunce ka ba. Wannan ƙasar da ka gani kamar ba komai, in da ka durƙusa ka duba da kyau a irin wuraren nan za ka ga saman ta yi wani ɓawo baƙi-baƙi mai ƙuraje kamar ƙanzo, in ka taka sai ka ji ƙurus. To ɓawon nan rai gare shi, wasu ƙananan halittu ne da gansakuka suka saƙa jikinsu suka riƙe ƙasar kada iska da ruwa su kwashe ta, su ne kuma ke tara danshi da taki har tsiro ya samu ya fito. Taya ɗaya ta bi ta kai ta murƙushe shi, kafin ya dawo yadda yake a busasshen wuri sai a yi shekaru gommai. A hamadar Mojave ta Amurka sojojin Janar Patton sun yi atisaye da tankoki tun 1942 amma har yau ana ganin sawunsu a wasu wurare, ka lissafa shekarun da kanka.

Sannan rashin ganin dabba ba ya nufin babu ita, dabbar hamada da rana tana cikin rami ne. Kunkurun hamadar Mojave ɗin nan yawancin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa yake yi, mota ta hau ramin ya rufta da shi ciki, tun 1990 aka sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana. Abin tausayi ma a mafitsararsa yake ajiye ruwa, in aka firgita shi sai ya saki fitsarin, ruwan da zai kai shi ƙarshen rani ke nan ya tafi.

Direban_Rairayi:
Malama duk na yarda amma a riƙa faɗin ɗaya ɓangaren mana. Mu ma fa muna son dajin nan shi ya sa muke zuwa, mu ke biyan kuɗin izini mu ke kwashe ledoji da gwangwanayen da wasu suka zubar, amma kullum mu ne masu laifi. Yau a rufe nan gobe a rufe can ba tare da an zauna da kowa ba, sai a tattara mutane duka a ɗan wuri ɗaya ya lalace sannan a nuna shi a ce ga abin da masu babura ke yi, kuma duk wanda ka hana wuri na halal ai ka tura shi inda ba mai ganinsa ne. Ni tsarin Namibiya ya fi kwanta min, tsakanin garuruwan Swakopmund da Walvis Bay an ware tudun rairayi inda za ka yi wasanka da izini tunda iska na shafe sawu a kan yashi mai tafiya, amma filin tsakuwa da wurin da tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa an ce kul. Ka ga wannan an bambance tsakanin aya da tsakuwa, ba a yi kuɗin goro ba.

Baba_Mai_Landiroba:
Yaro bari in gaya maka abin da ma'aikacin ya hango wanda kai ba ka hango ba. Ba taku hamsin ɗinka ne ya dame shi ba, sawun da ka bari ne. Gobe wani zai zo ya ga layin taya ya nufi tudu ya ce ashe ana hawa, jibi mutum biyar, kafin wata guda ta zama hanya, ruwan sama na sauka ya bi layin tayar ya yi ta zaizaya har ya zama kwari, sai masu zuwa su kauce wa kwarin su buɗe wata a gefensa. Na ga wannan da idona a wani wurin taɓo, hanyar da mota ɗaya ke bi ta koma faɗin motoci shida saboda kowa na gudun ya ɓata fenti. In ka tarar da taɓo a kan hanya ka ratsa ta tsakiya ko ka juya, kewayewar ita ce ɓarnar.

Kuma rigimar nan tsohuwa ce. A Amurka tun 1972 shugaba Nixon ya sa hannu a umarnin cewa a tantance inda irin motocin nan za su shiga a filayen gwamnati da inda ba za su shiga ba, shugaba Carter ya ƙara a 1977 cewa in an ga ɓarna mai yawa a rufe nan take, a 2005 hukumar gandun dajinsu ta ce kowane daji ya fitar da taswira, hanyar da ba ta kan taswira ba a binta. Afirka ta Kudu kuwa a 2001 ta hana tuƙin shaƙatawa a bakin teku sai ga masu izini na musamman. Bakin teku nasa daban ne, jariran kunkurun teku in sun ƙyanƙyashe suna neman ruwa sai su faɗa ramin taya su kasa fita su yi ta bin layin har rana ko tsuntsu ya gama da su. Direban_Rairayi yana da gaskiya kan zama da mutane kafin a rufe wuri, amma mu ma a cikinmu akwai masu cire salansa suna bin dabba da gudu don bidiyo, wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Sarkin_Giya:
Kai Baba jikina ya yi sanyi wallahi, na koma na duba hoton ga layi biyu nan raɗau daga hanya har kan tudun. Malama na gode. Amma har yanzu ina ganin da sun sa allo sun rubuta dalili da ban hau ba, turaku kawai na gani.

Direban_Rairayi:
Nan kam ina bayanka, allo ɗaya nawa yake. In za ka koma ka wanke tayoyi da ƙarƙashin babur ɗin tukuna, irin ciyawar wani wuri na maƙalewa a laka ya je ya tsiro inda ba a son shi, ka kuma duba ragar tare tartsatsi da ke cikin salansarka tana nan ko ta ƙone, wurare da yawa ita ma suna cin tara a kanta saboda gobarar daji. Nawa ma suka rubuta maka ne?