Hambirek a Hausa, da sunan tafiya da shi a ɗaure

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Kalmomi biyu ake nema, don amfanin masu rubuta littattafan koyon tuƙi da masu fassara sanarwar kiyaye haɗurra. Ta farko, sunan abin nan da ake ja idan an ajiye mota, wanda direbobi ke ce wa hambirek. Ta biyu, sunan abin da ke faruwa idan direba ya manta bai sake shi ba ya kama hanya, musamman a tsohuwar motar da fitilar gargaɗinta ta mutu, ko ma ba a ƙera ta da ita ba. "Birkin hannu" aka fi rubutawa. Ko ya wadatar? Makanikai da malaman tuƙi, bismillah.

Bakaniken Panteka: Wa alaikumus salam, Malam. Birkin hannu bai game duka ba. Tsohuwar Marsandi 230 da V-boot da ƙafa ake taka nasu, ɗan feda ne can gefen hagu, sai in za a tashi a ja wani mariƙi ya saki. Sienna ma da ƙafa ne. Tsofaffin Hilux da Hiace kuwa sanda ce a ƙarƙashin dashbod, ka jawo ta, in za ka saki ka murɗa ka tura. Sababbin motoci da yawa maɓalli ne kawai. Sannan ga babur: birkinsa na gaba da hannu ake matsawa, kuma shi ne birkin da ake tafiya da shi. Ka ce wa ɗan acaɓa kada ya yi tafiya da birkin hannu, ai ba zai gane inda ka dosa ba.

Abin da ya haɗa su duka ba hannu ba ne, aikinsu ne. A tsofaffin motoci babu ruwan wannan birki da man birki. Waya ce ta ƙarfe ke tashi daga sandar, ta rabu biyu a ƙarƙashin mota, kowace ta nufi tayar baya ɗaya, ta buɗe takalman birki, waɗanda muke ce wa shu, su manne a jikin durom, wato ƙoƙon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Ƙarar ƙaras-ƙaras da ake ji haƙora ne ke riƙe sandar kada ta koma. Saboda haka sunan ya fito daga aikin.

Malamin Tuƙi: To a ce birkin fakin mana, Oga. Kowa na cewa "na yi fakin".

Malama Mai Nahawu: Fakin ta zauna a bakin mutane, ba na musu. Amma tunda muna da "ajiye mota", me zai hana birkin ajiya? Gajere ne, kuma yana da fuska biyu da duk suka dace: birkin da ake sawa in an ajiye mota, da kuma birkin da aka ajiye don ɓacin rana, tunda hanyarsa daban da ta man birki. Wanda bai taɓa jin kalmar ba ma zai iya cankar ma'anarta.

Direban Dogon Zango: Malama, a tasha dai hambirek za a ci gaba da cewa, ko an rubuta me. In kuma Hausa tsantsa ake so, ai muna da waigi. Tun zamanin manyan motoci masu bodin katako yaron mota ke dirowa ya sa wa taya waigi. A ce waigin ciki.

Bakaniken Panteka: A'a, Alhaji, a bar wa waigi sunansa, don za mu buƙace shi nan gaba kaɗan a wannan maganar. Akwai lokacin da za a ce wa direba "kada ka ja birkin, sa waigi". In suna ɗaya suke amsawa, umarnin ya rikice.

Malamin Tuƙi: Na yarda da birkin ajiya a rubuce. Inda na fi ganin matsala shi ne aikatau. "Ja birki" a Hausa tsayawa ne: mota ta ja birki a ƙofar gida, har mutum ma yakan ja birki a magana. In ka ce wa ɗalibi "ja birki", ƙafarsa ce za ta motsa. "Sauke" kuma ta sandar tsakanin kujeru ce kaɗai, ba ta shafi ta ƙafa ba. Sannan mafi yawan masu wannan kuskure ba mantawa suke yi gaba ɗaya ba. Sukan sauke sandar ne ba ta kai ƙasa ba, haƙori ɗaya ko biyu na riƙe. Motar na tafiya, sai dai da ɗan nauyi, shi kuwa direba ya ɗauka kaya ne ko tsufan inji. Wanda ya bar ta a sama cak ya fi saurin ganewa, don mota mai kuloci takan mutu a tashin farko.

Malama Mai Nahawu: To a ɗauki ɗaure da kwance. Ɗaure birkin ajiya, kwance birkin ajiya. Ba su damu da hannu ko ƙafa ko maɓalli ba, kuma ana iya cewa "bai kwance duka ba". Daga nan kalma ta biyu ta zo da kanta: dabaibayi. Jakin da aka yi wa dabaibayi ba a turke yake ba, yana tafiya, amma da ƙyar, igiya na cin ƙafarsa. Motar da aka tuƙa birkin ajiyarta a ɗaure, tafiyar dabaibayi ta yi.

Direban Dogon Zango: Malama, dabaibayi ai ƙafafun gaba ake ɗaurewa. Wannan kuwa tayoyin baya yake kamawa.

Injiniyan Motoci: Ranka ya daɗe, ba kullum ba. Citroën da dama, irin su DS da CX da BX, tayoyin gaba nasu ke kamawa, haka Saab 900 na farko-farko. Tsohuwar Land Rover ba ta ma taɓa taya: durom ne guda a bayan giyabos, yana riƙe sandar da ke kai juyi ga tayoyi. Don haka gaba ko baya ba zai zama hujja ba. Abin da kalmar Malama ta kama shi ne ainihin haɗarin: abin ya riƙe, amma bai hana tafiya ba.

Dalilin da ya sa bai hana ba, ba don gwada ƙarfi da inji aka yi shi ba. Ƙa'idar Turai ta ce ya iya riƙe mota da cikakken lodinta a gangaren kashi 20 cikin ɗari. Injin mota a giya ɗaya ya fi wannan ƙarfi, balle a tsohuwar motar da wayarta ta miƙe, shu ɗinta ya cinye.

Ga lissafi a sauƙaƙe. A ɗauka birkin na riƙe motar da ƙarfin da bai wuce nauyin buhu mai kilo 50 ba, motar kuma na gudun kilomita 60 a awa. Zafin da ke fita ya kai kilowat 8, kuma duk a cikin durom biyu yake taruwa. In kowane durom kilo 5 ne na ƙarfen zubi, zafinsa zai riƙa hawa da kusan digiri 100 a minti ɗaya, in ba a lissafa abin da iska ke ɗebewa ba. Iska na ɗeba, amma durom rufaffe ne, ba ya hucewa da sauri kamar faifan birki, wanda a buɗe yake. Saboda haka ba nisan tafiya kaɗai ake dubawa ba, gudu ma na ciki. Mita 200 a cikin unguwa ba abin tashin hankali ba ne. Kilomita 10 a babban titi wani zance ne.

Ɓarnar kuma bi da bi take zuwa. Layinin da ke jikin shu ya fara ƙonewa, shi ne warin nan mai kama da na kuloci, fuskarsa ta yi santsi tana ƙyalli, ba ya ƙara kamu yadda ya kamata. Durom ya buɗe saboda zafi, ya yi nesa da shu, feda ya ƙara zurfi. Giris ɗin boris ya narke ya tsiyaye, wani lokaci a kan layinin. Robobin 'yar silindar da ke cikin durom su ƙandare su fara yoyo. Mafi muni, man birki ya tafasa. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai a digiri 205 yake tafasa, DOT 4 a 230. Amma man birki yana shan danshi, kuma in ya sha ya ƙoshi, DOT 3 kan sauko 140, DOT 4 kuma 155. Motar da ta shekara biyar ba a canza mata shi ba, ga inda take. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai direba ya taka feda ya ji ta tafi ƙasa babu komai. Wato birkin da aka manta shi ke kashe birkin da ake dogara da shi.

Malamin Tuƙi: Injiniya, ba layin mai biyu ne da motoci ba? In na baya ya tafasa, ai na gaba na nan.

Injiniyan Motoci: Ya danganta da yadda aka raba su, Malam. Inda aka raba gaba daban baya daban, na gaba zai rage, ko da yake fedar za ta yi zurfi sosai. Amma yawancin motoci masu jan gaba, irin su Golf, a karkace aka raba: tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu layi ɗaya, sauran biyun layi ɗaya. Kowane layi na da tayar baya a cikinsa, ke nan zafin zai iya taɓa duka biyun. Motocin da suka girmi wannan tsari kuwa layi ɗaya tal gare su. A Amurka sai a ƙarshen shekarun 1960 doka ta wajabta layi biyu.

Bakaniken Panteka: Ga inda waigin Alhaji ke shigowa. In direba ya farga, ya rage gudu da giya, ya samu fili mai lebur ya tsaya, nesa da busasshiyar ciyawa. Ya kwance birkin ajiya ya bar shi a kwance, ya sa giya ɗaya, ko P in otomatik ce, ya sa waigi. In ya ɗaure shi a kan durom mai zafi, durom zai huce a kan shu ɗin da ke tokare da shi, ya fita daga da'ira, daga nan feda ta riƙa bugun ƙafa. Kada a watsa ruwa, ƙarfen zubi yana tsagewa. Kada a taɓa rim da hannu, a kusantar da bayan hannu kawai. A ba shi minti 30 zuwa awa guda.

Bayan ya huce, a taka feda motar na tsaye. In ta yi tauri ta tsaya inda ta saba, a gwada a hankali. In tana laushi ko tana nutsewa, motar ba ta tafiya, a jawo ta. Wani tarkon kuma: man da ya tafasa in ya huce feda takan dawo kamar babu abin da ya faru. Duk da haka a zubar da shi a zuba sabo, a fitar da iska, lita ɗaya kan isa ƙaramar mota.

A gareji, a ɗaga baya da jak a juya tayoyin da hannu, a ji ko suna gurza ko boris na gurnani. A cire durom. In cikinsa ya yi shuɗi-shuɗi ko ya yi 'yan tsage-tsage, ya tashi aiki. Iyakar faɗin da aka yarda ya kai yawanci a rubuce yake a jikinsa. Layinin da ya ɗan yi ƙyalli ana iya goge shi da samfefa, wanda ya tsage ko ya sha giris ko ya gaza milimita 2 a canza, kuma gefe biyu tare. A canza sifirin ɗin da ke mayar da shu, don zafi na kashe masa ƙarfi. Ƙurar da ke ciki kada a hure ta da baki ko da iskar kwamfireso, tsofaffin layinin na ɗauke da asbestos, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Sai a ƙarshe a saita waya, bayan an saita shu, ba kafin ba. Yawancin motoci tsakanin haƙori 4 zuwa 8 suke kamawa.

Direban Dogon Zango: To wanda ya kwance nasa tsaf, amma taya ta ƙi saki fa? Yakan faru da motar da ta kwana biyu a ajiye da damina. Shi ma dabaibayi ne?

Bakaniken Panteka: Wannan da ma yana da suna, Alhaji: birki ya cije. Tsatsa ce ta kama waya a cikin bututunta, ko shu ya manne da durom. Sau da yawa taya ɗaya ce ke zafi, ɗayar da sanyinta, kuma fitila ba za ta nuna ba, don sandar take kallo, ba taya ba. A bar su daban. Bakanike in ya ji "ya cije", waya da sifirin zai fara nema. In ya ji "an yi tafiyar dabaibayi", ya san gefe biyu zai buɗe, har da man birki.

Malama Mai Nahawu: Ke nan a littafi sai a rubuta: "Kafin ka tashi, tabbatar ka kwance birkin ajiya duka, jar fitilar ta mutu. Tafiyar dabaibayi tana iya sa birkin ƙafa ya shanye." A ambaci hambirek sau ɗaya a farkon babi don mai karatu ya haɗa su.

Mai Fassara: Madalla, an ɗauka haka. Sai dai jimlar fitilar, Injiniya, ta tsaya daidai?

Injiniyan Motoci: Da ɗan ƙari, Malam. A motoci da yawa jar fitilar nan mai da'ira aiki biyu take yi: tana kamawa in birkin ajiya na ɗaure, tana kuma kamawa in man birki ya yi ƙasa a tankinsa. Sai a ƙara layi ɗaya: in ka kwance duka amma fitilar ba ta mutu ba, buɗe bonet ka duba man birki kafin ka motsa. Ga motar da fitilarta ba ta aiki kuwa, a koya wa direba ya danna maɓallin sandar ya tura ta ƙasa da tafin hannu har ta dire, sannan a fili mai lebur ya taka kuloci motar na ɗan gangarawa. In ta ci gaba da mirginawa, a kwance take. In ta tsaya da wuri kamar an riƙe ta, ya sauka ya duba.